Matakai Bakwai Na Zuwa Gembu Ba Tare Da Ka Bar Kusada Ba

Kana son a riƙa nuna ka a kasuwa ana cewa ga mutumin da zai keta ƙasa daga Kusada har kan duwatsun Mambila? To ka zo inda ya dace. Ni Babba wata tara na yi ina shirya wannan tafiya, kuma ko faci ban taɓa yi ba. Bi matakan nan yadda na jero su, na ba ka tabbacin ba za ka yi haɗari ba, ba za ka ɓace ba, motarka ma ba za ta tsufa ba.

Mataki na 1: Samu dalili mai nauyi

Tafiyar kwana uku ba a yin ta don shan iska, a garinmu sai a ce ka samu taɓi. Nawa dalilin ta waya ya zo. Inna Zuhura, ƙanwar mahaifiyata, wadda aka kai ni yaye ɗakinta, aure ya kai ta Gembu shekara talatin da suka wuce. Ciwo ya kwantar da ita, ta ce a kai mata yayarta da ɗanta ta gan su. Yayar ita ce Iya, tsohuwata. Ɗan kuwa ni ne.

Iya ta ƙulle kayanta a ɗankwali tun ranar, ta ce, "Babba, mu tahi gobe."

Kada ka yarda da irin wannan gaggawa. Ka gyara murya ka ce, "Iya, Gembu fa ba Rimaye ba ce, sai an yi shiri." Riƙe kalmar nan da kyau, za ta yi maka aiki wata da watanni.

Mataki na 2: Yi nazarin hanya

Je teburin mai shayi a Kankia, ka buɗe taswira a waya inda kowa zai gani. Jero garuruwan da ƙarfi: Kano, Gombe, Numan, Jalingo, Bali, Serti. In ka zo kan Mayo-Selbe ka ja sunan a hankali kamar kana da gona a can. Bayyana musu yadda ake wuni ana gudu a fili fetal, sannan dutse ya tsaya a gabanka, hanya ta nannaɗe shi har gajimare ya shigo ta tagar mota. Nemi shawarar waɗanda ba su taɓa wuce Tsanyawa ba, su ne suka fi sanin haɗarin hanyar. Wanda ya taɓa zuwa kuwa, ka guje shi. Zai ce maka ka sha mai kawai ka tafi, ya ɓata maka ilimi.

Mataki na 3: Kai mota wurin bakanike

Ni Ɗanmaliki na kai wa tawa. Da na ambaci dutse sai ya canza birki. Da na ambaci gangara ya sake canza shi. Matsala ɗaya ce, Kusada ba ta da dutsen da za a gwada, don haka muka hau tudun jujin bayan kasuwa sau huɗu, muka sauko lafiya. Ɗanmaliki ya share hannu ya ce, "Wallahi motar ga ko sama za ta hau."

Sayi taya biyu na ajiya da babbar rigar sanyi. Ka sa rigar zuwa masallacin Juma'a ko da ana zafin bazara, domin jiki ya saba, jama'a kuma su shaida.

Mataki na 4: Yi sallama

Nan ne zuciyar aikin. Ɗan mutunci ba ya barin gari kamar ɓarawo. Sai ka bi dangi gida-gida, da surukai, da limami, da mai unguwa, ka nemi gafara, a shafa maka fatiha. Ka leƙa dangin da ke ƙauyen Kaikai, kada su ji a bakin duniya. Wanda ka tsallake zai riƙe ka da shi har jikoki.

Ga sirrin da ba kowa ya sani ba: sallama tana lalacewa kamar dafaffen wake. In ka yi ta kuma aka gan ka a masallaci bayan mako biyu, ta tashi aiki, sai an sake sabuwa. Kafin ka gama da gidan ƙarshe ta gidan farko ta lalace. Ni sau biyar na zagaya. A zagaye na huɗu wani kawuna ya shafa fatihar tun ina bakin zaure, bai ko tashi zaune ba.

Idan waya ta shigo daga Gembu a tsakiyar wannan hidima, muryar tana ƙara yin ƙasa, ana cewa, "Ɗana, kun taso?" ka ce, "Muna ta shiri, Inna." Gaskiya ka faɗa, ba wanda zai kama ka da ƙarya.

Mataki na 5: Karɓi saƙo, kada ka mayar da ko ɗaya

Duk gidan da ka yi wa sallama yana da ɗan'uwa a hanya. Bubayero na Kaikai ya kawo buhun kanwa a kai wa yayansa mai kiwo a Mambila, adireshin kuwa shi ne "ka tambaya, kowa ya san shi." Wata ta kawo daddawa a kai Yola. Wani ya kawo keken ɗinki a sauke a Lakwaja, da na ce ba hanya ba ce, ya ce, "Haba Malam Babba, ai duk kudu ce."

Ƙin karɓar saƙo girman kai ne. Cika but, cika bayan mota, ɗaure saura a sama. Keken ɗinkin ya zauna daram a kujerar gaba, inda aka tanadar wa Iya. Ta zo ta leƙa, ta ce, "To ni ina za ni zauna?" Na ce ana duba lamarin.

Mataki na 6: Zaɓi lokaci

Da damina hanyar dutse tana da santsi. Da kaka akwai girbi. Da sanyi Gembu ba ta shiguwa. Da bazara kwalta tana fasa taya. Saura azumi, shi kuwa ka san ba a wahalar da tsohuwa.

Mataki na 7: Sa ido a kan tsohuwar

A nan ne ni na yi sakaci. Wata Talata da hantsi, ina can ina sabunta sallama a gidan limami, Iya ta ɗauki ƙullin ɗankwalinta, ta hau acaɓa zuwa tashar Kankia. Ba taswira, ba rigar sanyi, ba ta sallami ko maƙwabta ba. Daga wannan mota zuwa waccan, kwana uku ta isa. Ta samu kwana takwas tare da ƙanwarta, a na tara Inna Zuhura ta cika, kanta a kan cinyar Iya.

Da ta dawo na durƙusa a ƙofar ɗakinta, na ce, "Iya, da kin ɗan jira, ai saura kaɗan."

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ta tambaye ka sau ukku. Na ce mata kana shiri. Ta yi dariya, ta ce Allah shi yi mashi albarka, tun yana ƙarami shi ke daɗewa wurin neman takalmi."

Ban taɓa jin kunya da zafin rai irin na ranar ba. Na fita na zauna a motar, gefen keken ɗinki, na yi kukan da ban yi ba tun ina ɗakin yaye.

Gargaɗi

Marubucin nan ba shi da alhakin daddawar da ta yi tsutsa, ko kanwar da ta cinye kujera, ko sunan Alhaji Gembu da za a laƙaba maka a kasuwa. Masu saƙo su zo su kwashi kayansu, ba sai an yi sallama ba. Haka kuma in ka wayi gari shirinka ya kammala tsaf amma babu sauran mai jiranka a can, kada ka zo wurina. Ni ma tawa motar tana nan a ƙofar gida, tanki cike, birki sabo fil.