Hannun da ya sha shuni

Har gobe ina kan bakana: ba a taɓa koyar da kalmar "assimilation" a Kano kamar yadda na koyar da ita ba.

Ina malamin Turanci, na ga allo ya yi wa basirata kaɗan. Sai na kwashi ɗalibaina zuwa marinar Ƙofar Mata, ko da yake da yamma zan raka baffanmu nema wa ƙanena aure.

Na tsaya bakin ramin rini na gyara murya. "Ma'anarta abu ya shiga jiki ya zauna. Yadda zane ke shan shuni, haka ƙwaƙwalwa ke shan karatu."

Marinin ya miƙo mini safar hannu ta roba.

Na ce, "Bar ta, Baba. Ilimi ba ya son shamaki."

Na tsoma ƙyalle har gwiwar hannu. Da na zaro hannun kore-kore ne kawai, na yi murmushi. Ina cikin bayani iska ta buge shi, ya koma shuɗi a gaban yara. Sabulu ya yi iya yinsa, shuni ya ƙi fita.

A zauren surukai, duk wanda na miƙa wa hannu sai ya dafe ƙirji ya ce, "Allah ya sawwaƙe, Malam." Kawun yarinyar ya ja baffanmu gefe ya tambaya ko abin na gado ne.

An dai ba mu auren, kuma babu ɗalibin da ya kuskure kalmar a jarrabawa. Yau wasunsu har da gemu, amma da sun hango ni a unguwar Zaitawa sai su ɗaga hannu: "Malam, ya shiga jiki?"

Ni kuwa in ce, "Ya zauna."