Ƙashin da Na Kai Gwaram

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai ƙashi Gwaram ba.

A lokacin akwai wani tsoho a garin, Sarkin Baka, shugaban maharba. Yana da soro guda da tun zamanin kakansa ake tara abubuwan daji a ciki. In baƙo ya shiga, tsohon kan nuna kowane abu ya faɗi sunan wanda ya kawo shi. Wannan faɗin suna shi ya tsone mini ido. Ni ma so nake a riƙa kiran nawa.

Ana nan ina huɗa a gonarmu a Kiyako, garma ta tono wani ƙashi mai faɗi. Nan take na yanke cewa na dodon farkon duniya ne (ban nuna wa kowa a gida ba, kada a raba sunan da ni). Na naɗe shi a zanen Inna, na bi ayarin fatake, duk da ana ta cewa mahara Ningawa na tare hanya. Kafin mu isa na cika wa kowa kunne, har fataken suka biyo ni kallo.

Muna shiga soron na hau kalle-kalle. Ga ƙwan jimina a jere, ga ƙahonnin ɓauna da na gwanki, fatar mesa ta zagaye bango har ta haɗe. Akwai wani dutse mai siffar kifi a jikinsa, ƙaya da ƙaya, ba hannun mutum ya zana ba. A tsakiya kuwa ƙoƙon kan giwa ne, ya kusa kai mini ƙugu. Na kama tasbihi ban sani ba.

Tsohon ya kwance zanen, ya jujjuya ƙashina, ya ce, "Ɗan nan, babanka ya taɓa yin jaki?"

"Ya yi, Baba. Ina ƙarami ya mutu."

"To, ga ƙugunsa ka ɗauko."

Fatake suka kwashe da dariya, wani har da riƙe bango. Na miƙa hannu in tattara kayana, tsohon ya dafe.

"Bar shi. Da ma ina neman abin da zan ajiye kusa da giwar nan, mutane su gane girmanta."

Har yau ƙashin yana gefen giwa, kuma duk baƙon da ya shiga sai an kira masa sunana da na babana, har da unguwarmu. Tun daga ranar, in zan roƙi Allah suna, sai na faɗi wane iri nake so.