Likita Ba-Zafi da Turmin Surukarsa

A duk masu cire haƙori ba a yi kamar Likita Ba-Zafi ba. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don kada jama'a su wahala wajen nema. Farar rigarsa ta sha guga har tana iya tsayuwa ba shi a ciki.

Sauran likitoci in za su cire haƙorin sama, allura biyu suke yi, ɗaya a dasashi ta gefen kunci, ɗaya a ganɗa, rufin baki ke nan, sannan su jira wurin ya mutu. Shi ya wuce nan.

"Allurar ganɗa ta masu koyo ce," in ji shi. "Ni ɗaya nake yi, kuma ba wanda ya taɓa ce min da zafi."

Gaskiyarsa. Ba ya tambaya sai filaya ta kama haƙori, baki a wangame. Mutum ya kurma "Aa-aa!", shi kuwa ya ji "a'a".

Ran nan turmin sama na surukarsa, haƙorin tauna ke nan, ya matsa mata, 'yarta ta kawo ta. Tsohuwar ba ta taɓa yaba masa ba, abin na ci masa rai. Ya bar ƙofa a buɗe don masu jira su shaida.

"Inna, yau za ki san wanda 'yarki ta aura."

Ya tsira allurarsa guda, bai jira ba ya kama haƙori. Wace suruka ce za ta yi ihu gaban surukinta? Ta damƙe hannun kujera, gumi na tsatstsafo mata, hawaye na gangara cikin kunne. Ni da ke cikin masu jira dai ta ba ni tausayi.

"Da zafi, Inna?"

Da azaba ta kai mata ko'ina, kunya ta gaza. "Aa-aa!"

"Kun ji da kunnenku," ya ce da masu jira, yana ɗaga haƙorin kowa ya gani.

Inna ta tofar da jini, ta juya ga 'yarta.

"Kullum in na tambaye shi lafiyarki, cewa yake ya tambaye ki, kin ce ba abin da ke damunki. Haka yake tambayar?"

'Yar ta sunkuyar da kai.

"Ɗauko jakarki," in ji Inna. "Mu je gida ki faɗa min da bakinki a sake."