Yadda Masana Suka Cinye Amincewarsu

Jiya na goge takalmana, abin da ban yi ba tun rasuwar matata Kadi, na raka maƙwabcina Mumuni zauren Ƙungiyar Masanan Kogi da Ƙasa, nan Yamai.

Mumuni mutumin Saga ne. Shekara ashirin da biyu yana sauka bakin kogi kowace safiya, ya duba sandar awon ruwa, ya rubuta da ajami. Nasaran da suka tafi sun buga littafi biyu da awonsa. Na karanta duka biyun, ban ga sunansa ko a gindin shafi ba. Da muka samu mulkin kai, ƙungiyar ta yi shela cewa ƙofarta a buɗe take ga kowane ɗan ƙasa, kuma duk wanda ya shiga, aikinsa zai fita da sunansa. Mumuni ya ji, ya yarda. Bai saba da shela ba.

"Malam Tanimu," ya ce mini a hanya, da Hausarsa ta Zabarmawa, "jikokina za su ga sunana cikin takarda?"

Na ce mu je dai.

Ga dokar da aka gada: sabon mai shiga, da ƙwallaye ake zaɓensa, fari amincewa, baƙi ƙi. To, tsohon magatakarda ya koma Faransa da ƙwallayen cikin kayansa. Masananmu, Allah ya ƙara musu basira, suka maye gurbinsu da goro: fari amincewa, ja ƙi. Kowa aka ba shi biyu a bakin ƙofa. Mai rabon ita ce Madam Halimatou, ungozoma mai takardar Dakar, wadda ta nemi shiga tun bara aka ce ana nazari. Kafin a gama nazarin aka ba ta faranti. Kun ga ba a bar mata a baya ba.

Mai Girma Shugaban Zama ya miƙe. Awa biyu cur yana haɗa kan Bahaushe da Bazabarme, Bafillace da Buzu, mai garma da mai alƙalami. Zafi ya yi zafi, fanka ba ta juyawa. Ku faɗa mini, mutumin da barci ke fizga, ga goro biyu a aljihu, wanne zai fara kaiwa baki? Ina daga baya ina kallon muƙamuƙan kimiyya suna motsi layi-layi.

Aka zagaya da akwati, kowa ya jefa abin da ya rage masa. Aka juye: ja goma sha bakwai, fari ɗaya, shi ma an gutsure shi. Babban Magatakarda ya ce gutsurarre ba ya ƙirguwa.

"Ranka ya daɗe," in ji Halimatou, "ai cinye farin suka yi. Ga saura a faranti, a sake mana."

"Madam," in ji Magatakarda, "wanda aka ƙi sai bayan shekara biyar. Sashe na tara. Nan gidan kimiyya ne, ba kasuwar Katako ba."

Sai ga masanan ɗaya bayan ɗaya suna kama hannun Mumuni, kowa na rantsuwa fari ya yi niyya. Gaskiya suka faɗa, ina ganin shaidar a haƙoransu. Mai Girma ya dafa kafaɗarsa, ya ce tun da ya sha wahalar ɗauko littattafan awonsa, ya bar su a ɗakin karatu don amfanin ƙasa.

Mumuni ya dube shi, ya gyara ƙullin a hammata. "Ranka ya daɗe, tare muka zo, tare aka ƙi mu."

Muka kama hanyar gida har muka hango ruwa. Na ce, gobe fa?

"Gobe zan sauka. Kogi bai ji an yi zaɓe ba."

Yau da safe na ji an kafa kwamiti mai binciken dalilin da ya sa talakawa ba sa shiga ƙungiyoyin ilimi. Har an aika a sayo musu goron zama. Fari suka ce, ja yana sa Mai Girma tari.