Yadda Za Ka Huta a Bakin Teku Ba Tare da An Gano Ba Ka Iya Iyo Ba

Kai da ka taɓa cika baki a gaban mace, matso kusa. Bi matakan nan biyar, na ba ka tabbaci za ka kai iyalinka garin bakin teku, su ga duwatsun murjani na ƙarƙashin ruwa, ka dawo da mutuncinka a bushe. Maƙwabcina tela ne ya fara gwada su. Lokacin da yake neman aure ya ce wa matarsa ya taɓa ceto mutum a kogi. Shekara goma sha biyu labarin yana ƙiba a bakinsa, har mutum ɗaya ya zama uku, aka ƙara da akuya. Alhali ko ruwan wanka ne ya shiga masa kunne, sai an ji ihunsa a tsakar gida.

1. Zaɓi masauki

Kama otal ɗin da ke can kan tudu, nesa da ruwa. Ka ce iskar sama ta fi lafiya. In uwargida ta nuna maka hoton ɗakin da ƙofarsa ke kallon yashi, girgiza kai ka ce, "Sauro." Ba a musu da sauro.

2. Shirya jaka

Manta gajeren wandonka a gida. Tela ya manta nasa da kyau, har ya cusa shi a ƙarƙashin keken ɗinki. Suna sauka matar ta zaro sabo fil.

"Ga shi, Baban Auta, na san halinka da mantuwa."

Mace mai tanadi alheri ce, amma ba kullum ba.

3. Nemi aiki a kan yashi

Naɗa kanka mai gadin takalma. Zauna a ƙarƙashin lema, ɗaure fuska. Duk wanda ya ce ka shigo ruwa, ka ce yanzu ka ci abinci. Dole ka wuni kana ci don maganarka ta tsaya, to ai hutun ke nan. Kwana uku tela ya yi yana gadin silifan da ko kare bai sansana ba.

4. Ranar murjani

Wannan ba ta da makawa. Za a sa ku a ƙaramin jirgi zuwa inda duwatsun murjani suke, matuƙi ya raba gilashin nutso da bututun numfashi da rigar da ke hana nutsewa. Karɓi rigar, ka ce don ka koya wa yara bin doka ne. Ƙulla duk igiyoyinta. Kada ka tambayi zurfin wurin. Tela ya tambaya, matuƙi ya ce, "Haba yallaɓai, ba zurfi. Bai wuce tsayinka huɗu ba."

5. In Auta ta tsaya

Nan tsarin yake da ɗan rauni. Kowa ya sauka ruwa, har matar. Auta kuwa, 'yar shekara bakwai da ta yi wata guda tana zana kifaye masu launi, ta tsaya a kan matakalar jirgi ta ƙi sauka.

"Baba, in ka riƙe ni zan shiga. Ai kai ka ceci mutum uku da akuya."

Ƙa'ida ta ce dafe ciki ka yi nishi. Tela ya kai hannu cikin, ya dubi yarinyar, tausayi ya kama shi, kunya ta rufe shi. Ya durƙusa ya raɗa mata, "Auta, ban iya iyo ba. Ban taɓa ceton kowa ba."

"Har akuyar?"

"Har akuyar."

Ta miƙa masa hannu. "To kai riƙe ni. Kar ka ji tsoro, ba zan faɗa wa Mama ba."

Suka sauka tare, tela yana salati a cikin bututu. Matar tana nan gindin matakala, ta ji komai, sai ta juya ta ci gaba da kallon kifi.

Gargaɗi

Ba ruwana da ruwan gishirin da za ka sha, ko murmushin da uwargida za ta yi ta yi maka a hanyar dawowa. In kuma kana da 'ya mai shekara bakwai, matakan nan ba za su cece ka ba, kada ka zo ƙofar gidana.