Ranar da Na Yi wa Cokali Dariya a Ƙuba

Saura ƙiris in haɗiye labarin nan in tafi da shi maƙabartar Baƙi'a, in Allah Ya sa ina da rabon kwanciya a can. To amma ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Ƙuba ba, kuma gara in faɗa da bakina kafin abokina Alhaji Idi tela ya faɗa da nasa, don shi ba ya ba da labari sai ya yi masa aljihu da surfani.

Ni direban ziyara ne. In kwashi alhazai in kai su Uhudu, in kai su Ƙuba, in sauke su kasuwar dabino, bakina kuwa ba ya hutawa tun daga tashi har sauka. Kafin in zauna a Madina na sha yawo. A Damagaram aka haife ni, na yi yaron mota a Kano, na sayar da turare a Injamena, na ci wake a Umdurman har na fara mafarkinsa. (Wanda ya yi yawo irin nawa ciwonsa ɗaya ne: gani yake ba abin da bai sani ba.)

Hafsa ce autata, a nan aka haife ta. Ka yi mata Hausa ta amsa maka da Larabci, amma ranar da take son abu a wurina sai Hausar ta dawo tsaf kamar ta kakarta. Da ta gama sakandare ta same ni ina shan shayi, ta zauna ta ce, "Abuya, ina son in karanta koyar da yara masu lalura." Wato kurame, da makafi, da waɗanda jiki ko ƙwaƙwalwa ba ta ba su haɗin kai. Mu kuwa masu iƙama ne, takardar zaman baƙi, ba 'yan ƙasa ba, kwalejin da ta samu ta kuɗi ce. In za ta shiga, sai na roƙi 'yan adashinmu su ba ni ɗaukar farko, sannan in je in durƙusa gaban surukina in ci bashi a kai.

Na yi abin da uba mai hankali zai yi, na bi na tambayi albashin masu wannan aiki. Da na ji, sai na ajiye shi kusa da na 'yar wana Ruƙayya, wadda ta karanta harhaɗa magunguna, yanzu har mota take ja. Bambancin ya kai na raƙumi da akuya. Ban ce wa Hafsa a'a ba. Na ce, "Bari mu gani." (Duk 'yar da ta tashi gidan Bahaushe ta san fassarar wannan.) Ta ce, "Ɗayyib," wato "to" da Larabci, ta ɗauke kofin shayin ta fita.

Daga ranar gidan ya yi mini faɗi. Da, in na dawo aiki, ita ce ke tare ni a ƙofa tana kwaikwayon Larabcina, wai har yanzu ina yi wa kalmomi ɗaurin goro. Yanzu sai gaisuwa mai tsabta, sai shayi a ajiye a juya. Na yi kewar rashin kunyarta ƙwarai. Ga lokacin rajista yana ta ƙaratowa, ni kuma ina ta "gani."

Ana cikin haka aka yi wa Alhaji Idi jika, ya haɗa walimar suna bayan sallar Juma'a a wata tsohuwar gonar dabino bayan Ƙuba. Aka shimfiɗa sufura, ledar cin abinci, a inuwa, aka jera manyan tire na shinkafa da rago. A tirenmu akwai ni, da mai walima, da wani dattijo da ban sani ba, ana ce masa Ammi Bakur, ɗan ƙasa ne, jikan alhazan da suka zo da ƙafa, Hausarsa irin ta da can mai daɗin ji. Kusa da shi ɗansa Abdulmajid, saurayi ne cikakke har da gemu, cikin farar riga, sai murmushi yake.

Kowa ya naɗe hannun riga ya yi bisimilla. Kun san dokar tire, hannu ake sawa, a dunƙula a kai baki. Sai na hango uban ya warware wani ƙyalle ya miƙa wa ɗan cokali, mai kaurin mariƙi kamar taɓarya. Ni kuwa idona na kan kafaɗar rago, ban ƙara dubawa ba na ce, "A'a, ango, tire guda da cokali? A Injamena da tuni an tashe ka an kai ka wajen mata!"

Saurayin ya yi dariya. Na ce a raina wasa ya karɓu.

Alhaji Idi, don ya kawar da zancen, ya ce, "Ina labarin 'yata Hafsa? Ta shiga makarantar?" Bawan Allah bai san fetur ya watsa ba.

Na gyara zama kamar ina gaban motar alhazai. "Wace makaranta? Alhaji, ka ji mini yarinya. In ci bashi har wuya, ta yi shekaru tana karatu, ta fito ta zauna da yaro guda tana koya masa riƙe cokali wata shida! Albashin kuma ko man mota ba zai saya ba. Ni na zaga duniya, ban ga inda tausayi ya biya haya ba."

Alhaji Idi ya mintsine ni a gwiwa. Na ɗauka nama yake so, na yago tsoka na tura gabansa, na ci gaba. "Wanda Allah Ya yi haka, ai sai a bar shi da uwarsa ta lallaɓa. Me za a koya masa?"

Ammi Bakur ya karkaɗe shinkafar hannunsa a hankali, ya dube ni ba tare da fushi ba.

"Ya Hajji, wata shida ka ce? Namu shekara biyu ya ɗauka."

Sai a lokacin na juya na dubi Abdulmajid da kyau. Hannunsa rawa yake tun daga kafaɗa. Ya cika cokalin, ya tsaya, ya ja numfashi, ya ɗauko shi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, har bakinsa. Ko ƙwayar shinkafa ba ta faɗi a farar rigar ba.

Uban ya ce, "Amma lissafinka daidai ne, wallahi. Malamarsa Abla Su'ad ce ta koya masa, wata Basudaniya. Albashin bai riƙe ta ba, ga iyaye tana aika musu, ta bar aikin ta koma wani kanti a Jidda. Ta fara koya masa saka maɓalli ke nan ta tafi. Har yau ni ke saka masa."

Jin sunan nan, saurayin ya ajiye cokali ya ɗaga kai yana leƙen ƙofar gona. Da ƙyar maganar ta fito, da Larabci: "Abla ta zo?"

"Ba ta zo ba, habibi. Ci abincinka."

Jama'a, ga lomar shinkafa a hannuna na riga na dunƙula. Baki ya ƙi karɓa, tire kuma ba a mayar masa. Haka na zauna riƙe da ita, mai yana bin gwiwar hannuna, ina addu'ar wani dabino ya taimaka ya faɗo mini a ka. Alhaji Idi kuwa ya tsura wa tsokar da na ba shi ido kamar zai ɗinka ta.

Abin da ya fi kunyar ciwo, ƙanena Sanusi ne ya faɗo mini a rai. Shi ma haka hannunsa yake. A Damagaram Inna ce ke ba shi tuwo a baki a bayan ɗaki, har ya yi gemu, har ta rasu. Ina Umdurman aka aiko mini shi ma ya bi ta, ba a daɗe ba. Duk garin da na je nakan saya masa hula in aika. Ban taɓa tunanin akwai wani abu da za a iya koya masa ba, ko wanda zai zauna ya koya masa. A wannan inuwar dabinon na so a ce an dawo mini da yamma ɗaya tak a tsakar gidanmu, ni da shi da kwano.

Darasin dai na ɗauka, kuma kyauta nake rabawa: kafin ka buɗe baki a kan tire, ka dubi hannun kowa, ba naman ba kaɗai. In kuma aboki ya mintsine ka, ba yunwa yake ji ba.

Bashin na ci, har yanzu ina biya, surukina kuma ya samu abin yi mini gori duk sallah. Ban ce lissafina ya canza ba, albashin nan yana nan yadda na ji shi. Alhaji Idi yana yawo yana cewa kunya ce ta sa na sa hannu. Ba ita ba ce, kunya ai na saba da ita, da ita na yi furfura.

Abin da ya faru shi ne, da aka tashi na sulale wajen famfo in wanke hannu in gudu. Ina cikin murza sabulu sai ga Ammi Bakur a gefena, yana wanke cokalin nan. Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, Hausa ta gudu, Larabci ya ƙi zuwa. Bai ma jira ba. Ashe duk surutun da na zuba abu ɗaya ya tsinta a ciki. Ya naɗe cokalin a ƙyalle, ya matso kusa, ya rage murya kamar mai neman alfarma.

"Ya Hajji, ita 'yar taka, in ta gama, tana karɓar manya kamarsa?"