Ranar da Babur ɗin Baba Ya Yi Amai

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na yi wa dattawan unguwarmu wankan baƙin mai ba. Ni ɗin nan da nake taƙama duk unguwar Zango babu bakaniken babur kamata, wanda 'yan kabu-kabu masu haya da babur ke bin layi a garejinsa.

Babanmu yana da wani tsohon babur ɗan Ingila, baƙi, mai nauyi kamar bijimi. Daga Kano ya sayo shi tun ba a haife ni ba, lokacin yana malamin asibiti, da shi yake zaga ƙauyukan Takieta yana yi wa yara allura. Muna ƙanana, tun yana kan kwana muke jin dum-dum ɗinsa. Inna ta ɗora ruwan shayi, mu kuma mu ruga waje muna rigimar wanda za a ɗora kan tanki a shigo da shi gida. Da idon Baba ya yi yana, sai babur ya koma zaure, aka lulluɓe shi da tabarma har shekara shida.

Rannan Yaya Laminu ya ce ya gaji da tuntuɓe da shi, zai kira masu sayen tsohon ƙarfe. Baba ya sunkuyar da kai, tausayinsa ya kama ni. Sai na bugi ƙirji na ce a ba ni mako biyu, in bai tashi ba a kai shi kilo. Yaya ya yarda.

Na wanke kafireto, na sauya buji (wato fulogi), na goge shi har yana ɗaukar ido. Baba na zaune kan buzu yana sauraren ƙwaram-ƙwaram ɗina.

"Auta," in ji shi, "moton nan ba irin naku ba ne. In ya daɗe a ajiye, baƙin mansa gangarawa yake ya kwanta a cikin inji. Ka kwance notin ƙasa ka tsiyaye shi tukuna."

"To, Baba."

(Irin "to" ɗin da ake ce wa likita in ya hana shan sukari.) A raina na ce tsufa ne, mai ai ba ƙafa gare shi ba. Na leƙa tankin baƙin mai da ke ƙarƙashin sirdi, na gan shi ƙaf, na tuttula masa sabo har wuya.

Da ƙafata na bi gida-gida na gayyato abokan Baba su zo bayan sallar Juma'a. Suka zazzauna a ƙofar gida cikin fararen riguna. Baba Kalla, aminin Baba wanda yake goyawa a bayan babur ɗin a zamaninsu, ya matso dab da babur da sabuwar shaddarsa. Har ɗan jawabi na yi a kan ilimin zamani (Allah ya yafe mini).

A bugu na huɗu ya kama. Dum, dum, dum, muryar nan ta yarintata. Baba ya miƙe tsaye. Ni kuwa don in burge jama'a sai na murɗa masa wuta. Salansar babur ɗin ta turnuƙe mu da hayaƙi. Tsohon man da ke kwance a inji ya taso zuwa tanki, ya tarar da sabo ya cika wurin, sai murfi ya yi sama, mai ya shiga feshi. Ya wanke mini fuska, ya zana bango, ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya.

Baba Kalla ya dubi shaddarsa, ya dube ni.

"Ɗana, gyara ka koya ko rini?"

Yaya Laminu ya dafa bango yana dariya har da hawaye. Na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Na kai hannu zan kashe inji, Baba ya ce, "Bar shi kaɗan." Ya lalubo sirdi ya ɗora tafinsa, babur na karkarwa a ƙarƙashin hannunsa. Ya daɗe a haka, sannan ya shinshina yatsunsa.

"Ba ka kwance notin ba."

"Ban kwance ba, Baba."

"Ni ma haka na yi da na dawo daga kwas a Yamai. A kan Kalla ma ya zube."

"Riga ta biyu ke nan gidan nan ya ci mini," in ji Baba Kalla.

Yaya bai sake zancen kilo ba. Damina biyu bayan nan Baba ya rasu, kuma tabon man yana nan a bango, Inna ta hana a yaɓe shi. Ni dai na koyi cewa in na ce wa tsoho "to", in tashi in kwance notin tun bai rufe baki ba. Baba Kalla ma ya koyi nasa: da ya ji dum-dum sai ya tattare riga ya koma bayan bishiya.

Duk Juma'a nakan zaga da babur ɗin in dawo. Tun ina kan kwana Inna take ɗora ruwan shayi.